Matakala Tana Hannunku

A ƙauyenmu, idan an gama binne mamaci, an yi addu'a an shafa, akwai wata magana da liman yake ƙarawa kafin a watse. Ba ta cikin littafi, ban kuma taɓa jin ta a wani gari ba, duk da jana'izar da na halarta tsakanin Funtuwa da Malumfashi ban san iyakarta ba. Yakan juya wajen babban namijin gidan da aka yi wa rasuwa ya ce, "Matakala tana hannunku." Shi kuma ya amsa, "Mun karɓa." Shi ke nan, sai kowa ya kakkaɓe hannu ya kama hanyar gida.

Rafi ne ya jawo maganar. Gidajenmu suna wannan gaɓa, maƙabarta tana waccan, tsakaninsu rafin yashi ne mai faɗi, wanda ruwa yake bi da damina ya wuce, sauran shekara kuma ya zauna a bushe. Gaɓar tana da tsawo, ƙasarta mai rairayi ce, da an taka sai ta zube. Saboda haka kakanninmu suka sassare ta hawa-hawa, suka kwantar da gungumen marke a bakin kowane hawa, suka kafe shi da turaku, suka bar ciyawar jema ta yi tushe dama da hagu don ta riƙe ƙasar. Haka suka yi wa ɗaya gaɓar. Da makara ake auna faɗinta: a ajiye makara a tsakiya, a bar wurin da masu ɗauka za su taka ta kowane gefe. Matakala irin wannan ba ta shekara lafiya. Ruwa ya ci, shanu su tattake, yara su yi zamiya a kai. To gidan da aka sauko da gawarsu a ƙarshe su ne da gyara, komai daɗewa, har ranar da za a sauko da ta wani gidan a ɗauke musu. An ɗauki naka an sauke shi lafiya, kai ma sai ka gyara wa na bayanka hanya.

Ni tela ne, a Funtuwa nake zaune, kuma mutane suna cewa ina da zuciya. Ban musa ba. Amma a kan yashin nan na tashi, kuma ko yau aka rufe mani ido ƙafata ta san shi. Tafiya a yashi ba kamar tafiya a tsandauri ba ce. Ka taka, ƙafa ta nutse, ka yi gaba rabi ka dawo baya rabi, sharaɓa ta yi ta zogi. Muna yara mun san a cire takalmi a rataya a wuya, a dasa diddige idan za a sauka, a soka yatsu idan za a hau. Bayan kowace damina ruwa yakan tara tuddan rairayi a tsakiyar rafin, wasu sun fi mutum tsawo, hanya ta riƙa ratsa tsakaninsu tana lanƙwasa, bana ta nan, baɗi ta can. Da bazara kuwa yashin yakan yi zafin da sai ka yi gudu ka tsaya a kan hularka ka huta, uwarka ta ga hular da yamma ta ci maka mutunci.

Da Inna ta rasu ina saurayi, Baba ne ya ce "Mun karɓa." Ana gama zaman makoki ya tasa mu gaba, ni da Yaya, da fartanya da gatari. Ina kuka ina sara, shi kuwa ko kallona bai yi ba, sai dai ya ce, "Hawan ga ya yi tsawo, rage shi. Tsoho zai taka da kaya a kai." Daga baya na lura duk mai gidan da aka yi wa rasuwa yakan fi samun barci a kwanakin da yake wannan aiki. An binne Inna a ɓangaren danginmu na maƙabarta, ƙarƙashin wata kanya, inda kakanmu da ƙannen Baba biyu suke. Tun daga ranar Baba bai taɓa cewa "idan na mutu" ba, sai dai ya ce "idan na tafi gindin kanya."

Shekaru suka shuɗe, matakala ta yi ta zagaya gidaje, har ta iso kan gidan su Alhaji.

Alhaji ɗan ƙauyenmu ne, sa'an Yaya, tare suka yi kiwon awaki. Ya tafi birni ya yi arziki da buga bulo, ya sayi tifofi, ya gina gida mai bene a Funtuwa. Ban taɓa yi masa hassada ba, Allah ne shaida, ni nake ɗinka masa kayan salla ma. Mahaifiyarsa ta ƙi bin sa birni, ta zauna tana daddawarta, mace mai kirki wadda babu gidan da bai ci alherinta ba. Ranar da ta rasu duk ƙauyen ya fito.

Sauke makara a matakalar yashi aiki ne mai ƙa'ida. Na gaba su ɗaga ta sama da kawunansu har hannu ya miƙe, na baya su sauke ta zuwa gwiwa, don gawa ta zauna daidai kada ta zame. Wani dattijo yana gefe yana faɗa, "Na gaba sama, na baya ƙasa, a hankali, a dasa diddige." A hawan ɗaya gaɓar kuma a juya, na gaba ƙasa, na baya sama. Gaba a wajen sauka shi ne wuri mafi wuya, domin duk nauyin a kanka yake, ba ka kuma ganin inda kake takawa. Baba a lokacin ya tsufa, amma ya ture wani matashi ya kama gaba, ya ce tsohuwar ta taɓa yi wa Inna jinya. Ina bayansa ina ganin hannuwansa suna rawa, amma bai saki ba sai da muka taka yashin rafi.

Muna ratsa rafin sai na ga Alhaji ya ja baya, ya durƙusa a gindin wani tudu. Ya ɗebi yashi a hannu, ya murza tsakanin yatsu, ya bar shi yana zuba, ya sake ɗiba. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, yana tuna cewa dukkanmu nan za mu koma. Har na je na dafa kafaɗarsa na ce, "Sai haƙuri, Alhaji." Ya ɗago ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, ya ce, "Haƙuri ya zama dole, tela." Ya zuba ragowar yashin a aljihun babbar rigarsa. Ni da wautata na ɗauka tsarabar ranar baƙin ciki ce.

Aka binne ta, liman ya juya ya ce, "Alhaji, matakala tana hannunku." Ya amsa da ƙarfi kowa ya ji, "Mun karɓa." Har ya ƙara da cewa in Allah ya yarda za a ga canji. An kuwa gani.

Ba a yi sadakar arba'in ba tifa ta fara shiga rafin. Ashe gwada yashin yake yi a ranar, uwarsa tana kan kawunanmu. Yashi ne mai kaifi, wanke tas, babu laka, irin wanda masu bulo da kankare suke nema ido rufe. Har yau idan na tuna na dafa kafaɗar mutumin nan ina ba shi haƙuri, sai in ji kamar in ciji hannuna.

Da farko daga can ƙasa suke ɗiba, nesa da hanyarmu, kowa ya ce ai yashi na Allah ne, ruwa zai kawo wani. Mai unguwa ya ce an zo an gaishe shi, an kuma yi komai bisa tsari. Samarinmu suka samu aikin lodi, suka sayi babura da wayoyi, wa zai yi magana? Sai tuddan rairayin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Sai aka fara haƙa ƙasa, ramuka suka buɗe. Da yashin tsakiya ya ƙare suka matso gindin gaɓa, domin nan ne ya fi kauri. Damina ta zo, ruwa ya tarar an kwashe abin da gaɓar take zaune a kai, ya ɗauke hawan ƙasa, ya ɗauke na samansa, jema da turaku da marke duk suka bi ruwa. Cikin damina biyu abin da ya rage shi ne hawa kaɗan a sama, sannan gangare a tsaye kamar an yanka da wuƙa, zurfinsa ya fi ɗaki.

Allah da ikonsa, a tsakanin nan babu babban da ya rasu a ƙauyen. Jarirai biyu ne, su kuwa a hannu ake rungumarsu, wani saurayi ya zame da su ta gefe. Saboda haka babu wanda abin ya dama. Mutanenmu ba su ganin rami sai sun faɗa.

Baba kaɗai yake lissafi, domin ya san shi ne a kan layi. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Wata Juma'a na je gaishe shi, bayan an sauko daga masallaci ya ce in riƙe shi mu je bakin rafi. Muka tafi a hankali, yana dogara sanda, yana tsayawa yana haki. Da muka isa ya sauka hawa na farko, ya sauka na biyu, ya miƙa sandarsa gaba yana laluben na gaba, sandar ta sami iska. Na riƙe shi ta baya. A ƙasa tifa tana tsaye tana hayaƙi, samari suna watsa mata yashi da shebur suna waƙa. Can ƙetare ana hango kan kanya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To ni ta ina za ku bi da ni?"

Na ce, "Baba, ka daina irin maganar nan, da sauranka."

Ya ce, "Ban tambaye ka saurana ba. Na ce ta ina?" Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kai ne mai baki a gidan ga. Yayanka ba ya iya cewa a'a ko ga akuya. Ko ta halin ƙaƙa, ku kai ni gindin kanya. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Washegari ban buɗe shago ba, na wuce gidan bulon Alhaji. Na same shi a inuwa kan kujerar roba, ga tulin yashin ƙauyenmu a bayansa ya yi tsauni, na gane shi kamar yadda ake gane ɗan'uwa a kasuwa. Muka gaisa, ya tambayi jikin Baba, ya sa a kawo mani ruwan sanyi. Ban sha ba.

Na ce, "Alhaji, matakala fa tana hannunku."

Ya yi dariya. "Tela ke nan. Wace matakala kuma?"

"Wadda aka sauko da Hajiya a kanta. Wadda ka ce ka karɓa, gaban liman da jama'a."

"Af, wannan? Ai ina sane. Ni ba irin gyaran fartanya zan yi maku ba. Kankare zan zuba, da ƙarfen riƙewa, irin wadda ake yi a birni. Ka bari a gama aikin ga tukun, in an zuba yanzu motoci za su fasa ta."

"Yaushe aikin zai ƙare?"

"In yashi ya ƙare."

"In kuma wani ya riga yashin ƙarewa fa?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Haba tela, kai da iliminka. Ƙasa duk ta Allah ce. Ina ruwan mamaci da gabas ko yamma? Wannan maganar matakala al'ada ce kawai, ba farilla ba. Ku nemi fili ta wannan gefen, ni zan taimaka a kewaye shi."

Nan zuciyar da ake faɗa ta taso. Na ce masa ranar da tsohon da ya haife ni ya ɗaga uwarsa sama da kansa hannu yana rawa, ban ji ya ce al'ada ce kawai ba. Na ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce masa wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, har leburorinsa suka tsaya da aiki suna kallo. Shi kuwa ko gezau, ya gyara hularsa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. Ka gaida mani Baba." Wannan sanyin nasa ya fi zagi ciwo. Kayan sallarsa da ke shagona na mayar masa da su a yanke, ban ɗinka ba.

Na je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri, ana kan magana. Na je wurin liman, ya ce gaskiyata ce, amma Alhaji ne ya yi wa masallaci rufin kwano, sai a bi abin a hankali. Na ce wa Yaya mu ɗauki fartanya mu sare wata da kanmu. Muka yi, da rani, a can sama kaɗan. Muka wuni muna sara, muka kafa turaku. Ba a yi mako ba suka haƙe gindinta, ruwan farko ya tafi da ita. Yaya ya ce, "Ka gani ko? Ka bar wa Allah." Na ce masa Allah bai ce a bar masa fartanya ba. Muka yi kwanaki ba ma magana.

Baba ya rasu a tsakiyar damina, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Ina Funtuwa aka kira ni, na hau babur na taho, masara dama da hagu ta fi ni tsawo, ban ga komai ba sai hanya. Na tarar an yi masa wanka ana ɗinka likkafani, na karɓi allurar na ƙarasa da hannuna. Aka yi salla a ƙofar gida. Da aka sallame sai aka yi cirko-cirko, kowa yana kallon ƙasa, domin kowa ya san tambayar da ke tafe.

A da, ko da damina ba a fasa ƙetarewa. Ruwan rafin yashi ba ya daɗewa, a jira kaɗan ya janye zuwa gwiwa, yashin ƙasa kuma ya yi tauri kamar daɓe. Na ce a ɗauko shi mu je mu gani. Muka ɗauka har bakin gaɓa. Ruwa ja ya cika ramukan ya shafe su, ba ka sanin inda yake gwiwa da inda zai shanye mutum har hannunsa a miƙe. Gangaren kuwa yana ta zubewa da kansa, gutsure-gutsure, muna ji yana faɗawa ruwa. Wani ya ce a zura makarar da igiya. Na ce ubana ba guga ba ne. Ko an zura ma, wa zai karɓa a ƙasa?

Muka tsaya da shi a kafaɗa, rana ta fito tana dukanmu. Liman ya matso ya ce da ni a hankali, "Malam, gawa ba ta jira. Ga gefen gonarku nan, ƙasa ce mai kyau. Allah ya san niyyarsa." Yaya yana hawaye yana gyaɗa kai, ya riga ya yarda.

Hanya ɗaya ta rage, a zagaya ta kwalta a hau gada, sannan a biyo wata tsohuwar hanyar gona da ke ɓullewa bayan maƙabarta. Tafiya ce mai nisa da ba a yin ta a ƙafa da gawa, hanyar gonar kuma da damina taɓo ce zalla. Mai motar ɗaukar amfanin gona da ke ƙauyen ya ce wallahi ko ya shiga ba zai fita ba. Ana cikin haka sai ga mai unguwa ya taho da waya a kunne, fuskarsa a sake kamar mai kawo albishir. Ya ce Alhaji ya ji rasuwar, yana Kaduna, yana yi mana ta'aziyya, kuma ya ba da umarni tifarsa da ke bakin kwalta ta zo ta kai Baba. Ita taɓo ba ya hana ta.

Jama'a suka ɗauka, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka masa."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na buɗe baki zan ce a mayar masa da tsiyarsa, ba za a loda ubana a inda ake loda yashin da aka sace masa hanya da shi ba. Maganar tana kan harshena. Kowa ya juyo yana kallona, domin sun san ni, sun san abin da zai fito. Yaya ya kama hannun rigata ya ce, "Don Allah, ƙanena."

Sai na dubi ƙetare. Baba bai ce in kare masa mutunci ba, bai ce in rama masa ba. Abu ɗaya ya ce, kuma ya ce ko ta halin ƙaƙa. Ya san halina, shi ya sa ya ƙara wannan.

Na ce, "Ta zo."

Tifa ba a yi ta don mutum ba. Bayanta yana da tsawo, sai da wasu suka hau suka miƙo hannu, muka ɗaga makarar sama da kawunanmu suka ja ta. Cikinta jiƙaƙƙen yashi ne a manne ko'ina, na cire rigata na share inda za a ajiye shi, aka shimfiɗa tabarma. Mutum kaɗan ne suka samu wuri, sauran suka biyo a babura, tsofaffin abokansa kuwa, waɗanda suka fi kowa cancantar raka shi, aka bar su a tsaye a ƙofar gida. A al'adarmu kowa yakan sa hannu a makara ko da taku kaɗan ne, ana karɓa ana ba wani, don lada da kuma sallama. Baba ya ɗauki rabin mutanen da ke kwance a maƙabartar nan. Shi kuwa ƙarfe ne ya ɗauke shi.

Direban yaro ne mai ladabi, ya yi iya ƙoƙarinsa, ban ga laifinsa ba. Amma da muka bar kwalta muka shiga hanyar gona, motar ta riƙa tangaɗi tana faɗawa rami tana fita. Makarar ta riƙa zamewa. Na durƙusa ta wajen kai na rungume ta, Yaya ya riƙe ta wajen ƙafa, liman ya manne a kusurwa yana salati, rawaninsa ya kwance. Duk girgizar da aka yi, yashin da ke jikin bangon motar sai ya zubo a kan mayafin da aka lulluɓe Baba da shi. Ina kakkaɓewa yana zubowa. Ina kakkaɓewa ina zagi a zuci, a ranar da ya kamata bakina ya cika da addu'a. Wannan ma yana cikin abin da mutumin nan ya ƙwace mani, kuma ban yafe ba.

Muka isa. Samarin da suka riga mu a babura sun haƙa kabari a gindin kanya, dab da na Inna. Muka sauke shi, ni da Yaya muka shiga muka karɓe shi, muka kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla. Aka jera itace, aka toshe da ganye da ɗanyar ƙasa, aka mayar da ƙasa. Da na miƙe na ga tudun nasa kusa da nata, sai wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na cika masa. Wannan kam babu mai ƙwace mani shi.

Liman ya tsuguna, muka tsuguna. Ya roƙa wa Baba gafara da rahama, muka ce amin. Ya roƙa wa Inna da duk na kwance a wurin, muka ce amin. Ya roƙa mana haƙuri da cikawa da imani, muka ce amin. Na ɗauka ya gama, har na kai hannu zan shafa. Sai ya gyara murya.

"Sannan bawan Allah da ya ba da motarsa aka kawo wannan dattijo makwancinsa, ba don shi ba da ba mu san yadda za mu yi ba. Allah ya ƙara masa buɗi. Allah ya yi wa sana'arsa albarka. Allah ya ƙara masa motoci."

Maƙabarta ta ɗauka gaba ɗaya, amin, amin, da ƙarfi fiye da wanda aka yi wa Baba. Mai unguwa ya ɗaga waya sama don Alhaji ya ji daga Kaduna. Daga inda nake tsugune ina hango rafin ta tsakanin itatuwa, da jan ruwan da ke kwance cikin ramuka, da ƙauyenmu can ƙetare, kusa ƙwarai, har ina ganin tsofaffin da aka bari sun taho bakin gaɓa sun tsaya suna hangenmu.

Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu, ya raɗa mani, "Ka ce amin mana, ana kallonka."

Hannuwana suna sama kamar na kowa. Na bar su a nan har aka shafa, ni ban shafa ba, na sauke su na goge a wandona. Sannan na tashi na bi sahu, domin ba ni da wata hanyar komawa gida in karɓi gaisuwar ubana sai a bayan tifar.